Harsashi Biyar, Huda Shida

Gogo MaShezi, kakarmu, ki taimake ni. Na rasa wanda zan faɗa wa wannan magana bai yi mini dariya ba. Ke ma na san za ki yi, amma taki dariyar da magani a cikinta.

Ni direban motar madara ne a Greytown. Bara na shiga ƙungiyar masu gwada saitin bindiga a kan takarda, muna haɗuwa ranar Asabar a wata gona bayan gari. Da bindigar aro nake yi, yanzu kuwa ina son tawa, ƙaramar bindigar nan da ake kira 'yar ashirin da biyu, don harsashinta kaɗai aljihuna zai iya ciyarwa, kuma ba ta dukan kafaɗa. Oom Wessel, mai shagon bindigogi, wanda shi ne ke kula da filin namu, ya nuna mini wata sabuwa baƙa wuluk, jikin roba, mai ɗura kanta. Da matata Nokwanda ta ji kuɗinta sai ta ce, "Baban Lwazi, wannan bindigar haihuwa take yi ne?"

To, akwai wata. Kawuna, Malume Mzwempi, ya rasu da sanyin bana a Msinga. Ya bar tsohuwar 'yar ashirin da biyu mai ƙotar katako, irin wadda ake ja wa sakata bayan kowane harbi. Mutum ne da ke cire murfin kwalba daga kan shinge kwalbar ba ta motsa ba. Da ya rasu aka kai bindigar akwatin ƙarfen Oom Wessel, tunda mai lasisin ya tafi. Saboda haka ranar ihlambo, da dangi suka taru wanke makaman mamaci, an wanke mashinsa da kulkinsa da gatarinsa, ita kuwa tana kulle a gari. Matarsa MaZondi ta ce, "Ɗauke ta kyauta, ɗana. In babu wanda ya nemi lasisinta a dangi, hannun 'yan sanda za ta koma, su narka ta." Wa'adin da aka ba ta ya kusa.

Na roƙi Oom Wessel ya kawo ta fili in gwada. Safiyar nan sanyi ya sa ciyawa ta yi fari, yatsuna ba sa lanƙwasuwa. Amma da na ɗora kumatuna a kan ƙotar, daidai inda katakon ya suɗe, sai na ji wurin da ɗumi, kamar yanzu wani ya ɗaga fuskarsa. Ga kuma ƙamshin tabar da yake shaƙa. Na harba biyar. Da na je duba takarda, nawa biyar ɗin sun watse kamar tonon kaza, sai ga huda ta shida a tsakiyar baƙin ɗigon da ake auna, cif.

Na ce na kusa da ni ne ya yi kuskuren takarda. Asabar ta gaba na yi sammako, daga ni sai Oom Wessel a bayana da kofin shayinsa. Na ƙirga harsashi biyar a tafin hannuna, na ƙirga kwanso biyar a ƙasa. Huda shida. Oom Wessel ya ce, "Yaro, ko dai ba ka iya lissafi ba, ko kana da ɗan taya." Dariya ya yi, amma na lura ya cire hularsa kafin ya mayar da bindigar jaka. Abin da ban faɗa masa ba shi ne, duk lokacin da yatsana ya taɓa kunama, ina jin wani yana sakin numfashi a hankali kusa da kunnena na hagu.

Nokwanda ta ce wannan abu ba zai kwana gida ɗaya da 'ya'yanta ba. In ci bashi in sayi ta roba, a narka ta Malume? Ko in ɗauko ta da abin da ke biye da ita?

Naki,
Mai Ɗan Taya, Greytown

*

Kai, mijin nawa! Ƙato guda mai tuƙa tankar madara, huda ɗaya ta hana shi sakat. Haka za ka tsare ni ranar da ɓarawon kaji ya shigo? Matso in gaya maka.

Mu fara da ƙarfe, don ƙarfe ba ya ƙarya. Ni ban wuce aji huɗu ba, amma na yi shekaru ina korar birai daga masara da irin wannan bindiga. Ta robar nan ba laifi, ba ta jin raɓa, ba wanda ya mutu a kanta. Sai dai mai ɗura kanta akuya ce, tana cin harsashi ba ta ƙoshi, kuma ɗan koyo yakan ɗauka yawan ƙara shi ne iyawa. Mai sakata kuwa tana tilasta maka ka tsaya, ka ja, ka numfasa, ka sake dubawa. Nan hannu yake nuna. Ka sa a zare sakatar ta Malume, ka ɗaga bututun wajen haske ka leƙa. In cikin yana sheƙi, babu tsatsa, bakin bai targaɗe ba, makullin kunama yana kamawa, to ta fi ka sauran kwana. Mai gyaran bindiga ya duba ta, ba abokinka mai gyaran mota ba.

Sai maganar huda. Na san waɗannan ƙungiyoyi, maƙo gare su kamar surukar talaka. Tsohuwar takarda suke liƙe wa huda da ɗan baƙin manne su sake kafa ta. Da raɓar safe ta jiƙa ta, harsashinka ya girgiza allo, sai mannen ya faɗi, harbin wani gwani na makon jiya ya leƙo. Ka sayi sabuwar takarda da kuɗinka, ka ɗaga ta a rana, ka kafa da hannunka. Ɗumin ƙota kuma, ka tambaya ko a bayan kujerar mota ta zo, kusa da na'urar ɗumi. In haka ne, magana ta ƙare, ka je ka ba Nokwanda haƙuri.

In kuwa sabuwar takarda ce, aka sake samun shida, to kada ka ce wai ni na faɗa, amma Mzwempi bai san an sallame shi ba. An wanke mashi an wanke kulki, abin da ya fi so a duniya aka bar shi da dattin mutuwa a akwatin wani Bature. Kai da kai ne, ina za ka tare?

Haka ta faru da ni da marigayi maigidana. A gonar da yake gadi ya faɗi, bindiga a hannu, aka kwashe gawa aka manta da shi. Wata guda karnukan gonar suna kaɗa wa iska jela a bakin ƙofa. Na yanki reshen magaryar kura na je, na kira shi da sunan gidansu, na ce tashi mu tafi. Na biya kujera biyu a tasi, ban yi wa kowa magana ba, ban waiwaya ba. A hanya wata mata mai jiki ta shigo, ta ga wuri babu kowa sai ɗan reshe, ta kai zaune. Zumbur ta miƙe, ta dafa ƙirji ta ce, "Afuwan, Baba." Ni dai ban ce ta ga wani abu ba. Tsaye ta ƙarasa tafiyar.

Don haka ga abin yi. Ka shigar da takardun lasisi yanzu, kada wa'adi ya cim maka kana jan ƙafa. Kafin su fito, ka ɗauko MaZondi da dattijon gidansu zuwa filin, da ruwan wanki da reshe. Ɗan ruwan a kan ƙota kawai, ban ce ka tsoma bututu a bokiti ba, ka goge ka shafa mai. Dattijon ya gaya wa Mzwempi a fili cewa bindiga ta koma hannun ɗan ƙanwarsa, shi kuma ya bi reshe zuwa Msinga. Nokwanda ta tsaya ta gani da idonta, don gaskiyarta ce, uwa ce. Ka kafa akwatin ƙarfe a bango, harsashi daban, makulli a wuyanka, domin abin tsoro a gida mai yara ba mamaci ba ne.

Amma narkawa, a'a. Ko da duk manne ne da raɓa, ba a jefa gadon kawu a wuta don tsoro. In kuma yana ciki, ka yi tunani: tsohon da aka ƙone wa masauki ba daji yake nufa ba, gidan ɗan ƙanwarsa yake sallama, kuma wannan karon ba shi da ƙotar da zai raɓa sai matashin kanka.

Allah ya daidaita maka hannu, ya kai Mzwempi gida lafiya. Ka gaida kishiyar tawa.

Gogo MaShezi