Ganyen Magarya

Daren Laraba, tsakiyar damina.

Yau na kai Inna ta ga itatuwan da na dasa a bayan gari, sadaka ga ƙanena Manu, a filin da ya faɗi ranar da Nasara suka shigo Sakkwato. Ba mu taɓa samun gawarsa ba.

Wurin ya yi kore shar. Furanni sun rufe ƙasa, zuma na ta shawagi, har zomo ya zabura daga gindin shinge. Na zaci za ta yi murna.

Sai ta tsaya gaban 'yar magarya, ta tsinki ganye.

"Da wanga ake yi wa mamaci wanka," in ji ta. "Ga ganye ya samu, ɗan nan. Ina wanda za a wanke?"

Wallahi ban tuna haka ba da nake dasa ta.

Ta ƙulle ganyen a bakin zanenta. Da shi ta kwanta.