Faifan Ƙwallo a Jakar Hajiya Rakiya

Mansur, Makka, Zulhajji 1437

Sabo,

Assalamu alaikum. Ina fatan kai da Sa'adiya da yara kun yi Sallah lafiya. Na rubuta ne na turo hoton takardar, don a waya da na ɗaga murya sai ka ce layi ba kyau.

Hajiya Rakiya za ta koma Kano, ta bar mini wuri a jakarta, na ce ka tambayi yaron nan me yake so. Bai ce zamzam ba, bai ce littattafan marigayi mahaifinsa ba. Wai sabon faifan wasan ƙwallo da zai fito bayan Hajji, haɗe da na'urarsa! Ka tuna masa a shagon wannan wasan aka kama shi ba igama, wato takardar izinin zama, aka tasa ƙeyarsa zuwa ƙasar da bai taɓa gani ba. Ni da na karantar da 'yan matan unguwar nan nahawu ba zan bi layi in sayi abin da ya raba ni da shi ba. Dabino zan aiko.

Yayarka,
Baraka

Kano

Yaya Baraka,

Wa alaikumus salam, ina gaisuwa da girmamawa. Nu'uman ya daina fita. Hausarsa a karye take, samarin layi suna kwaikwayonsa. Ya ce a wasan akwai mai sharhi da Larabci, muryar yake so ya ji. Jiya ya tambaye ni ko fushi ne ya sa ba ki taɓa kiran sunansa ba. Na ce alkunyar ɗan fari ce, haka iyayenmu suke yi. Ya ce shi bai san wannan ba, a Makka uwa da sunan ɗanta take ado.

Ƙaninki,
Sabo

Mansur, Muharram 1438

Sabo,

Bayan gaisuwa. Kada ka kuskura ka yi dariya. Na je shagon wasan da ke unguwar Rusaifa ranar da abin ya fito. Layi har bakin titi, ni kaɗai ce mai abaya a cikin garada. Wasu na rantsuwa irin na bara ne, riguna kawai aka sauya. Wasu na cewa bana har gumin 'yan wasa ana gani. Gumi! Na ce wa na gabana ya leƙa madubi, zai gan shi kyauta.

Sai ga Bandar, abokin yaron nan, ya ɗaga murya: "Ya Ummu Nu'uman!" Ka san yadda na tsani wannan kiran, shekara da shekaru ina hana maƙwabta. Wannan karon na kasa tsawata masa. Ya ce tun da aka tafi da shi babu wanda ya zauna a kujerarsa a shago.

Na dai saya. A gida na sa Bandar ya kunna mini, don in ji me ake wa hauka. Mai sharhin ya ja wani ihu, sai ga ni a saman benenmu na da, marigayi mijina Malam Mukhtaru ya naɗe ƙafar wando yana buga ƙwallon safa da yaron, yana sharhi da Larabcinsa na ɗan Sakkwato, ni ina faɗa za su ture mini shanya. Na ce Bandar ya kashe. Da ya kai hannu kuma na ce ya bari.

Na'urar ta cinye kilon Hajiya Rakiya, na sauke dabinon. Ka ba Sa'adiya haƙuri.

Baraka

Kano

Yaya,

Saƙo ya iso, Allah ya saka. Da aka kawo wuta Nu'uman ya kunna, bai ko taɓa abin bugawar ba, ya jingina da bango ya rufe ido. Yanzu samarin layi sun cika mini zaure, yana fassara musu sharhin, suna gyara masa Hausa. Amma ya zazzage jakar kaf yana neman takarda daga gare ki.

Sabo

Mansur

Assalamu alaika,

Ka ci abinci, ka riƙe salla, ka rage ƙarar abin nan saboda kawunka. Bandar ya ce ba ka iya tsaron baya ba. Mahaifinka ma haka yake. Ba fushi nake yi ba.

Ummu Nu'uman