'Yan Ɗaki Ɗaya a Bakin Baba

Samaru, Litinin

Yaya Usaid,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Mama da Baba. Ni da jaririya muna nan ƙalau, in ban da ruwan jegon da Gwaggo Kaltume ke neman saɓule mini fata da shi.

Na roƙi Elias mai keke napep, wanda ke kawo mini kunun kanwa daga gida, ya ba ka wannan takarda hannu da hannu. Gwaggo ta ƙwace wayata tun kafin suna, wai haskenta yana lalata idon mai jego. Ban yarda ba, ruwa ba ya tsami banza. Baba bai zo suna ba, aka ce mini mura. Wace irin mura ce za ta hana Malam Nasir, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa hana shi shiga aji koyar da Turanci ba, tasowa daga Sabon Gari ya ga jikarsa? Na kasa zaune na kasa tsaye, daga taga sai bakin ƙofa. Don Allah ka faɗa mini gaskiya.

Ƙanwarka,
Naila

Sabon Gari, Talata

Naila,

Wa alaikumus salam. Ya jego, ya ɗiyata? Mama ta hana a gaya miki, amma tunda kin tambaya ba zan yi miki ƙarya ba.

Baba ya faɗi ana gobe za ki haihu. Hannunsa da ƙafarsa na dama sun shanye. An sallamo mu daga asibiti, likita ya ce magana za ta dawo a hankali, a yi haƙuri. To amma Hausa ta ɗauke masa ƙaf, ko sunan Mama ba ya kira. Kullum da an yi la'asar sai ya gyara zama ya ce light, ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya. Can ya ce night. Can ya ce sight. Daga nan sai ya hau dukan tabarma da hannun hagu yana huci har hawaye ya zubo. Na tayar da janareta, na kawo ruwa, na kawo tabaransa, duk ya ture.

Kawu Zailani ya ce wannan ba ciwon asibiti ba ne, mutumin da ya manta matarsa ya riƙe yaren Nasara akwai abin da ya shige shi. Ranar Asabar za su kai shi wurin wani mai magani a wani ƙauye mai nisa. Na bincika, a mari ake sa mutane a can. Mama ta amince don kuka ya gajiyar da ita. Ni kuwa tsoro nake ji, na kasa ko riƙe sifana a gareji.

Ki huta lafiya.
Usaid

Samaru, Laraba

Yaya,

Sallama da gaisuwa, amma a taƙaice, don raina a ɓace yake. A mari? Baba?

Ka ce bayan la'asar. Haba Yaya, ai lokacin darasin zaure ne! Ko da yake ina za ka sani, kai da kana jin an fara shimfiɗa wa yaran unguwa tabarmi kake haura katanga ka nufi gareji a Chikaji. Baba ba ya koyar da kalmomi a warwatse. Yakan tara waɗanda haruffan ƙarshensu iri ɗaya ne, ya ce 'yan ɗaki ɗaya ne, uwa ɗaya ta haife su amma kowa da halinsa. Shi zai kira kalma, mu kuma mu amsa da ma'anarta da Hausa, baki ɗaya, da ƙarfi. In aka yi masa shiru sai ya daki tebur. Yanzu babu tebur, shi ya sa tabarma ke sha.

Ba hauka yake ba, aji yake jira. Gobe ka zauna a gabansa, ka tabbatar Kawu yana wurin. Light, ka ce haske. Night, dare. Sight, gani. Fight, faɗa. Might, ƙarfi. Tight, matsattse. Ka buɗe baki sosai, ba irin gunagunin da kake yi wa masu kawo gyaran mota ba.

Na tsare Gwaggo da maganar, sai ta hau faɗan wai na sha iska. Wallahi in aka saka Baba a motar nan, babu arba'in ɗin da za ta riƙe ni.

Taka,
Naila

Sabon Gari, Juma'a

Naila,

Barka da Juma'a. Jiya Kawu bai zo ba, sai yau ya iso tare da direban da zai ɗauke su gobe. Na ce su zauna su ga wani abu.

Baba ya ce light. Na ce, "Haske!" Sai ya kalle ni kamar yau ya fara ganina, sannan ya gyaɗa kai. Muka ci gaba. Mama ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu, kafin mu kai fight ita ma ta shigo amshi. Bai taɓa tabarma ba ko sau ɗaya.

Sai ga wadda ba ki ba ni ba: blight. Na kalli Mama, Mama ta kalli direba, direba ya sunkuyar da kai. Baba ya maimaita, ya fara ɗaga hannun nan. Kawu ya miƙe yana kaɗe riga ya ce, "To kun gani ko? Abin ya motsa."

Amma hannun bai sauka a tabarma ba. Nuni ya yi da shi gefen ƙofa, inda kike zama da, ya ce da Hausa, a hankali, bakin a karkace, "Naila, gaya musu."

Mama ta saki ludayi ta fashe da kuka. Kawu ya koma ya zauna, sannan ya ce wa direba, "Malam, je ka abinka, an fasa."

Saura matsala ɗaya. Har yanzu gefen ƙofar yake kallo, ya ƙi cin tuwo. Ki taimaka ki aiko da ma'anar da sassafe.

Yayanki,
Usaid

Samaru, Asabar

Yaya,

Alhamdu lillahi. Cuta ce mai ƙone ganyen shuka, amma kada ka kuskura ka faɗa masa. Ba kai aka tambaya ba.

Gwaggo na ta masifa wai arba'in ba ta cika ba, ga ta can kuma tana goya jaririya da kanta. Elias zai dawo ya ɗauke mu bayan azahar. Ka shimfiɗa mini tabarma a gefen ƙofa.

Sai na iso,
Naila