Kujerar Matar Mai Sanda

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Kin tambayi aiki. Ni da na shekara talatin ina koyar da lissafi, yau ga ni a ƙofar shagon kujeru cikin riga mai tambari, ina yi wa baƙo murmushi kamar mai neman aure.

Ba albashi, sai kamasho. Mu biyar ne, layi muke bi: wanda ke gaba shi zai tari duk wanda ya shigo, ya saya ko bai saya ba, sannan ya koma baya. Abokan aikina takalmin baƙo suke karantawa su gane mai saye. Da sun hango ɗan kallo, sai fitsari ya matsi ɗayansu, Dogo, saura kuma waya ta kira su, a bar ni da shi. Akwai wani dattijo da suke kira Mai Sanda. Ya zauna a wannan kujera, ya tashi, ya koma waccan, ya fice. Sau huɗu yana ƙona mini layi. Manaja ya ce in wata ya mutu ban sayar da kushin ko ɗaya ba, in ajiye musu rigarsu.

Ki gaida mutanen gidan.
Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa, yara ma suna gaida ka. Na san ka sarai: tsaye kake da hannu a baya, kana kallon mutane kamar sun makara aji. Wa zai sayi kujera a hannun mai duba jarrabawa? Sau huɗu mutum yana zuwa, ka taɓa tambayarsa me yake nema? In sun sallame ka, ka dawo wurinmu, ɗaki yana nan. Na san za ka ce ba ka zaman gidan suruki. To, ka sayar da kushin.

Taka,
Auta.

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Na tambaye shi. Ya ce, "Malam, ba zama nake gwadawa ba, tashi nake gwadawa." Matarsa ce ɓarin jikinta ya shanye. Tana iya zama, amma sai an ɗaga ta, ita kuwa ɗagawar ce take sa ta kuka.

Dogo ya raɗa mini, "Tsoho, kifi ya shigo koma. Tura masa babbar nan mai laushi." Manaja ma yana ta ɗaga mini gira. Babbar nan ta ishe ni tsira da aikina, amma mai lafiya ma in ya nutse cikinta sai ya nemi hannu.

Na tura Mai Sanda gida ya auno mini daga diddigenta zuwa bayan gwiwa. Ya dawo da igiya da ƙulli a jiki. Na bi kujerun shagon ɗaya bayan ɗaya da igiyar nan, duk sun yi ƙasa. Na ce masa, "Ba mu da kujerarta. Akwai ta katako mai hannu a gida?" Ya ce akwai. Na zana masa a takarda: kafinta ya ƙara wa ƙafafunta tsawon yatsa huɗu, ya sa soso mai tauri.

Manaja ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai sayarwa ya kori ciniki da alƙalami ba. Ya ba ni lambar mutumin, wai in kira shi in ce na yi kuskure a awo. Na ce, "Yaro, an taɓa kama ni da talauci, ba a taɓa kama ni da kuskuren awo ba."

Saura kwana uku wata ya ƙare.
Mahaifinki.

Baba,

Ina gaisuwa. Na karanta wa maigidana wasiƙarka, sai ya tashi ya kwashe kayansa daga ɗakin nan. Ya ce ba alfarma ba ce, yaran nan lissafi ya gagare su. Ka kira mutumin ko ba ka kira ba?

Auta.

Auta,

Gaisuwa. Ban kira ba. Na ninke rigarsu na miƙa. A bakin ƙofa na yi kiciɓis da Mai Sanda, ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce jiya matarsa ta tashi da kanta, ta kuma zauna ta sake tashi, don kawai ya gani.

Ina tafe ranar Asabar. Ki ce wa yaran su tanadi fensir.

Mahaifinki.