Na Ga Hotonka a Karshi

Assalamu alaikum Yaya Abdulrauf,

Ina fatan kana lafiya, da Inna da yara. Ni ma alhamdulillahi, ƙafata da ta karye a wurin fasa dutse a Mpape nan Abuja ta fara ɗaukata. Kada Inna ta ji wata uku na yi kwance.

Abokin aikina Kingsley ne ya yi jinyata. Shi ke goya ni zuwa bayi, ya kawo min ruwan alwala, yana cewa, "Ikrama, tashi, ba ka mutu ba."

Ka ce ba ka samu shigowa Abuja ba. Jiya na ga hotonka wurin biki a Karshi, nan gefen Abuja. Kingsley ya tambaye ni wane ne, na ce wani ɗan garinmu ne.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninka,
Ikrama