Kamu Uku Daga Igiyar Sau-Dubu

Zuwa ga Yaya Babba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, da maigidanki da 'yan biyunki masu kan ƙwarya. Mu nan lafiya lau, sai dai rigimar da na jawo wa kaina tun shekaranjiya. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san bokon nawa na tsinta ne a bayan littattafanki.

Kin san tunda ƙaninki, yayana, ya gama makarantar aikin gona ba mu huta ba. Komai sai ya auna, har na sa masa suna Sau-Dubu. Yana da igiya mai jan ƙyalle a kowane baki. Sai ya shimfiɗa ta a jikin layin masara, ya ƙirga tsiron da ke tsakanin ƙyallen biyu, ya sake a wuri biyar, ya ɗauki matsakaici, ya ce sau dubu, wai yawan shukar eka ɗaya ke nan. Waken suya kuwa da bakin ƙarfen tayar keke yake yi: ya wurga, ya ƙirga abin da ya faɗa ciki.

To Yaya, ran Asabar na ga igiyar rataye a ƙusar rumbu, Shaiɗan ya ce mini gwada. Na yanke kamu uku, na mayar da ƙyallen yadda yake. Wallahi niyyata kawai in ga ya yi ta sosa ƙeya, in fito da guntun a yi dariya. Sai Inna ta aike ni kai akuya wurin likitan dabbobi. Kafin in dawo ya auna, ya samu goma sha takwas. Ya gaya wa Baba duk abin da ya gaza ashirin gara a kife a sake shuka tun lokaci bai ƙure ba. Wake ya fito daidai, tunda ƙarfe ba ya yankuwa, sai hakan ya sa aka ƙara yarda da lissafinsa. Baba ya ɗora laifin kan tsuntsaye, ya yi magana da mai tarakta, Alhamis zai zo.

Masarar nan lafiyarta ƙalau, ganye huɗu-huɗu, kore shar. Ita ce abincinmu na bana. Guntun igiyar yana aljihuna, ji nake kamar garwashi. Sau uku ina zuwa gaban Baba, da ya ɗago kai sai in ɓuge da tambayarsa ciwon gwiwa. Wannan ne karo na farko da ya ɗauki maganar Sau-Dubu a kan ta idonsa. In na faɗa, na kunyata shi. In na yi shiru, an kife gona. Don Allah ki kira Baba ki fara tausasa shi kafin Alhamis, ke kaɗai yake ji.

Ki gaida kowa.
Ƙaninki,
Auta

Zuwa ga Yaya Babba,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum, da fatan zazzaɓin ƙaramin 'yan biyunki ya sauka. Ba sai kin kira ba, aikin gama ya gama.

Mai tarakta bai jira Alhamis ba, Laraba da hantsi ya zo. Ina wanke babur na ji ƙararta daga gona. Ban san sanda na zubar da bokiti ba. Na isa ba takalmi, na tsaya a gabanta ina ɗaga guntun igiya kamar mahaukaci, direban yana ta zagina. A lokacin ya riga ya kife layi takwas na gefen hanya.

Na faɗi komai. Sau-Dubu ya karɓi guntun, ya ƙulla a jikin igiyarsa. Ya sake aunawa, ni kuwa kowace addu'a da na haddace sai da na karanta, don in ya sake samun ƙasa da ashirin ban san inda zan sa kaina ba. Ashirin da huɗu, ashirin da uku, ashirin da biyar.

Na so a ce Baba ya mare ni. Bai yi ba. Ya sallami mai tarakta, ya miƙo mini fartanya da ƙwaryar iri, ya nuna layukan da sandarsa. Kwana biyu ina shuka ni kaɗai. Sau-Dubu kuwa yanzu igiyarsa a akwatinsa take da kwaɗo. Jiya dai na tarar ya kafa mini tsinke a inda na bar tazara da yawa.

In kin zo za ki ga layi takwas da suka fi sauran gajarta. Kada ki tambayi Baba. Nawa ne.

Ki shafa mini kan 'yan biyu.
Ƙaninki,
Auta