Kofin da Bríd ta saya mini

Anti Nuala, don Allah ki taimake ni, abin nan ya tsaya mini a rai, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ina ɗauke da ƙwayar cutar HIV tun kafin mijina ya rasu. Ina shan magani, lafiyata ƙalau, likita ta ce ƙwayar ta kwanta har gwaji ba ya ganinta. Asibitin can birnin Dublin nake zuwa, don a garinmu ko tari ka yi sai an ji a coci. Mutane sun ɗauka wani namiji nake zuwa gani, na bar su a haka, wannan gulmar ta fi mini sauƙi.

Mu 'yan mata tsofaffi, kamar yadda muke kiran kanmu, muna iyo a teku kowace safiya, ko ana ruwa ko ana iska. In mun fito jiki na karkarwa, ƙawata Bríd ce ke buɗe filas, mu yi ta miƙa wa juna shayi a murfinsa, baki bayan baki. Shi ne daɗin abin. A bazarar nan na gaji da ɓoyo, na faɗa mata. Ta rungume ni, muka sha kuka. Mako na zagayowa sai ga ta da kofi shuɗi mai sunana a jiki, wai tsaraba ce. Su suna shan nasu a murfi, ni ina gefe da kofina, har suna tsokanata wai na zama gimbiya. Na yi dariya, amma na ji kamar an mare ni. Na daina zuwa. Ƙyama ce, ko ni ce na cika zargi? Ina kewar tekun, ina kewarta.

Mai iyo, daga gabar tekun yankin Clare

'Yar'uwata, ba ki cika zargi ba, abin da ciwo. Cutar nan ba a ɗaukarta a bakin kofi, kuma kin fi ni sani. Amma Bríd ta sani? Mu da muka girma da tallan tsoratarwa kan cutar a talabijin, da yawanmu iliminmu can ya tsaya. Mai yiwuwa tsoro ne. Mai yiwuwa kuma murarsu take gudar miki, tana ganin jikinki ba ƙwari. Ki kuma lura, sirrinki bai fita ba, a garin da tari ke kaiwa coci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kada ki yi maganar a bakin teku. Ki same ta a gida, ku biyu, ki gaya mata abin da likita ta ce da abin da kofin ya yi miki. Ki ba ta damar jin kunya ta gyara. In ta ƙi, matsalarta ce, tekun ba na gidansu ba ne.

Sannan ki koma iyonki. Kofin nan ki bar shi a gida, ya yi kyau da ajiye buroshin haƙori. In an buɗe filas, ki miƙa hannu kamar yadda kika saba. Allah ya ƙara lafiya, ya sa murfin ya iso hannunki da ɗuminsa.

Nuala